Tufafi "masu kare muhalli": me ake nufi, kuma ina ya shafi marina da masu buga riguna a Kaduna?

Abubuwa biyu ne suka dawo da wannan magana bakin mutane. Na farko daga waje ya zo. Dokar Tarayyar Turai kan ƙera kaya ba tare da ɓarnata muhalli ba ta fara aiki ranar 18 ga Yulin 2024, kuma tufafi na sahun gaba cikin kayan da ta sa a gaba. A ƙarƙashinta, daga 19 ga Yulin 2026 an hana manyan kamfanoni lalata tufafi da takalman da suka yi kwantai, sannan ana shirin maƙala wa kaya wata shaida ta intanet da za ta nuna da me aka yi su. Na biyu na gida ne. A 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a kafa hukumar raya auduga da masaƙu da ɗinki, abin da ya sake tayar da tsohon zancen farfaɗo da masaƙun Kakuri.

Tun daga nan kalmomi suka yi yawa a kasuwa. Mai sayar da tawada ya ce tasa ta ruwa ce, saboda haka ba ta da illa. Mai yadi ya ce nasa oganik ne. Ƙungiyar da ta ba da kwangilar riguna ɗari biyar ta rubuta a takarda cewa tana son aiki mai kare muhalli, shi kuwa mai shagon bai san takamaiman abin da zai canza ba, sai dai ya amsa da to. Riga ɗaya tana bi ta gona, da injin gurza, da kaɗi, da saƙa, da rini, da teburin tela, da na mai bugu, kuma ba kowane zango ne ke da nauyi ɗaya ba.

Kalmomin da ake haɗawa, alhali ba ɗaya ba ne

Audugar oganik ita ce wadda aka noma ba takin zamani, ba feshin maganin ƙwari na kanti, ba kuma irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Maganar gona ce kawai. Ana iya ɗauko wannan audugar a rine ta da mafi munin sinadari, a zubar da ruwan a kwata. Shaidar GOTS ce ke bin yadi tun daga gona har shagon ɗinki: ba ta yarda a rubuta oganik sai zaren ya kai kashi 95 cikin ɗari, ko kashi 70 idan za a rubuta "an yi da oganik", kuma tana tilasta wa wurin rini tace ruwansa.

Shaidar OEKO-TEX Standard 100, wadda aka fara a 1992, wani abu ne daban. Rigar da aka gama ake gwadawa a ga ko akwai sinadarin da zai cutar da mai sawa. Misali, fomaldehaid kada ya wuce miligiram 75 a kowane kilo na yadin da ke taɓa fata, na jarirai kuwa kusan babu shi sam. Wannan shaida tana kare jikin mai saye, amma ba ta gaya maka inda ruwan rinin ya kwarara ba.

Sai yadin da aka sake sarrafawa. Mafi yawansa foliyesta ne da aka narko daga gorar ruwan roba, ba daga tsofaffin tufafi ba. Zaren da ake samu daga tsohuwar riga a mayar sabuwa bai kai kashi 1 cikin ɗari na zaren duniya ba, domin raba auduga da foliyesta a yadi mai gauraye aiki ne mai wuya da tsada.

Abin da Kakuri ta riga ta nuna

Kaduna ba baƙuwar wannan magana ba ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, UNTL ta biyo baya a 1964, sai Arewa Textiles da Nortex da sauransu, har Kakuri da Makera suka zama garin masaƙu. Ruwan da masana'antun yankin ke fitarwa rafin Makera yake bi ya faɗa Kogin Kaduna, kuma binciken jami'o'i ya daɗe yana nuna launi da kaifin soda da ƙarafa a wannan ruwa. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a farkon shekarun 2000, UNTL ta rufe a 2007 kafin ta sake buɗewa a 2010, sai aikin ya watse zuwa ɗaruruwan ƙananan wurare: mai rinin shadda a bayan gida, mai buga rigunan makaranta a shago ɗaya, teloli a Kasuwar Barci.

Wannan sauyi ya canza siffar matsalar. Babbar masaƙa bututu ɗaya gare ta, ana iya zuwa a ɗebi ruwa a gwada. Ƙananan wurare kuwa kowa da tasa kwatar. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun yadi da tufafi da fata da takalma a 2009, jihar kuma tana da hukumarta ta KEPA. Amma ƙa'idojin da masana'anta a zuciya aka rubuta su, ba da mai duro biyu da murhu ba.

Gona, a taƙaice

Ana yawan ambaton cewa riga ɗaya ta auduga na cin ruwa kusan lita 2,700. Wannan matsakaicin lissafi ne na duniya, kuma noman ban ruwa irin na Fakistan da Uzbekistan ne ke ɗaga shi. Audugar Funtuwa da ƙasar Zazzau da ruwan damina ake noma ta, don haka matsalarta ba ruwa ba ce, feshi ne. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga na sa manomi ya yi feshi sau da yawa, galibi ba takunkumi, ba safar hannu.

A 2018 Najeriya ta amince da irin audugar Bt, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta kashe tsutsa, aka kuma gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Masu goyon bayanta na cewa tana rage feshin tsutsa. Masu ja na cewa irin yana da tsada, ba a ajiye shi a sake shukawa yadda aka saba, kuma a Indiya wata tsutsar ta riga ta saba da shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne: audugar Bt ba za ta taɓa samun shaidar oganik ba. Mai son shaidar sai ya yi shekara biyu zuwa uku yana noma bisa ƙa'ida kafin a ba shi, kuma dole injin gurza ya ware audugarsa daga ta sauran mutane. Manomi ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan ɗawainiya, sai ƙungiya.

Rini: nan ne gizo ke saƙar

Yawancin ƙazantar da tufafi ke jawowa daga zangon jiƙa take fitowa, wato wanke sitati, da dafa yadi, da farartawa, da rini, da ɗauraya. Masana'antar da ba ta tsimi kan kashe lita 100 zuwa 150 na ruwa kan kowane kilo na yadi.

Kafin a saƙa zare ana shafa masa sitati don kada ya tsinke. Wannan sitatin, idan aka wanke shi, shi ke kawo babban kaso na dattin da ke cinye iskar cikin ruwa har kifi ya mutu. Wanke shi da sinadarin amiles, irin wanda ke cikin yawun mutum, ya fi amfani da asid sauƙi ga yadi da ga ruwa. A farartawa ma haka: bilic na kulorin yana haifar da sinadarai masu daɗewa a ruwa, shi kuwa haidirojin feroksaid yana rikiɗewa ne ya koma ruwa da iska.

Rinin da masaƙu suka fi yi wa auduga shi ne mai kama zare ta hanyar haɗuwar sinadari, wanda ake kira riyaktif. Yana da haske, ba ya saurin zuba, amma yana da larura biyu. Ba ya shiga zare sai an zuba gishiri mai yawa, giram 30 zuwa 100 a kowace lita gwargwadon duhun launi, sannan a ƙara sodar wanki. Kuma ba duka yake kamawa ba, kashi 10 zuwa 40 na iya bin ruwa. Lissafin ba wuya. Kilo 10 na yadi a tsohon inji mai cin lita 20 kan kowane kilo ya zama lita 200. Idan gishiri giram 60 ne a lita, kilo 12 ke nan na gishiri a zubi ɗaya. Injin da ke cin lita 8 kan kilo zai rine wannan yadin da lita 80 da gishiri kilo 4.8. Launi ɗaya, yadi ɗaya, amma gishirin da ke zuwa kogi bai kai rabi ba, man da za a ƙona a ɗumama ruwan ma haka.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar gishiri sam: a tsoma yadi cikin rini mai kauri, a matse shi tsakanin roloji, a naɗe, a rufe da leda, a bar shi yana juyawa a hankali awa 8 zuwa 24 ba wuta. Ta dace da yadi mai faɗi irin na yunifom. Inda take ɓaci shi ne idan matsin rolojin bai daidaita ba, gefe ya fi tsakiya duhu, ko ledar ta huje gefen ya bushe.

Gishirin nan ba ƙaramin abu ba ne ga masu lambu a bakin kogi. Launi ana ganinsa da ido a guje shi. Gishiri ba a gani, sai dai manomi ya ga ƙasa ta yi fari-fari ta daskare, ruwa ba ya shiga, latas da alayyafo suna ƙonewa ta gefen ganye.

Karofi da galura

Ƙaramin marini ba riyaktif ya fi amfani da shi ba. Galura yake jiƙawa a ruwan zafi da sodar kostik da hoda mai wari da ake kira haidiros. Ga yadda abin yake a ido: ruwan ya canza launi, kumfa mai ƙyalli ta taso, a tsoma shadda, a ɗago ta da wani launi daban, iska na bugun ta sai launin gaskiya ya fito. Ruwan da ya rage a duro yana da kaifi ƙwarai, a ma'aunin pH yakan kai 12 ko fiye, alhali abin da ake nema ga ruwan da za a saki tsakanin 6 da 9 ne. Shi ya sa hannun marini ke tsattsagewa, shi ya sa kuma ciyawa ba ta fitowa a bakin kwatarsa.

Ɓarnar da ta fi yawa a nan ta rashin awo ce. Da yawa da cokali ko da gwangwani suke ɗiba, kuma don gudun kada launi ya ƙi kamawa sai a ƙara. Haidiros kuwa iska da laima na kashe ƙarfinsa, buhun da aka bari a buɗe sai an ƙara yawan abin da ake ɗiba, wanda ya jiƙe ma yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Ƙaramin sikeli na giram, da ma'aunin zafi don ruwa ya tsaya wajen digiri 50 zuwa 60, da littafin rubuta abin da aka zuba wa kowane launi, sun fi kowace shaida rage sinadari. Ruwan da aka rina launi mai duhu ana iya rina mai haske na dangin launin a cikinsa kafin a zubar. Kuma kostik ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa ake zubawa kan kostik ba, domin yana tafasa ya fantsama a fuska.

To, me ya hana a koma rinin gargajiya? Karofi irin na Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, da baba da toka da kanwa yake aiki. Ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da haɗin su yi aikin da haidiros ke yi, kuma rami ɗaya na daɗewa ana ƙara masa kaya ana ci gaba. Katsin da ya kwanta a ƙasa ma ba a yar da shi, ana ƙona shi a yi laso a shafe rami ko katanga. Ta fuskar tsimi, tsari ne da ya wuce na masaƙu da yawa. Sai dai launi ɗaya yake bayarwa, haɗin na ɗaukar kwanaki kafin ya nuna, kuma shunin da ake samu a ganye kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi a 1897 ya kashe kasuwar na ganye a duniya.

Sauran launukan itatuwa, irin su gangamau da karan dafi da ɓawon itace, yawancinsu ba sa zama a auduga sai da abin riƙewa. Idan alif ne, da sauƙi. Idan kuwa gishirin kuromiyam ne ko na jan ƙarfe, to rinin "gargajiya" ya fi galura mai kyau guba. Launin da ke koɗewa bayan wanki biyar kuma, riga ce za ta koma tsumma da wuri.

Galura ita ma ba duka ɗaya ba ce. Wasu daga dangin azo suna sakin sinadaran da ke jawo ciwon daji. Jamus ta hana su a 1994, Tarayyar Turai ta bi a 2002, iyakar da ta sa ita ce miligiram 30 a kilo. Galurar da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, ba mai iya cewa daga wane dangi take.

Buga rubutu da zane a riga

Hanyoyi huɗu ne suka cika shagunan Kaduna, kuma babu wadda ta tsira gaba ɗaya.

Bugun sikirin, wato tura tawada ta ramukan raga mai ɗauke da zanen, da tawadar filastisol shi ne tsohon hannu. Tawadar robar PVC ce da aka jiƙa da mai sa laushi. Ba ta bushewa a sikirin, saboda haka ragowar ana kwashewa a mayar gwangwani, asara kaɗan ce. Aibinta uku ne. Masu arha na ɗauke da sinadaran fitalet da Turai ta taƙaita zuwa kashi 0.1 cikin ɗari saboda illarsu ga haihuwa, kuma rigunan yara ne abin damuwa. Ana wanke sikirin da kananzir ko tina ko fetur, a shagon da ba taga. Sannan idan rigar ta ƙare a juji aka cinna mata wuta, PVC na fitar da hayaƙi mai guba.

Tawadar ruwa ta fi laushi a jiki, kuma da ruwa ake wanke ta. Amma wannan ruwan wankin ɗauke yake da launi da danƙo, kuma kai tsaye lambatu yake tafiya. Ga matsalar yanayi: da hunturu, lokacin da iskar Kaduna ta bushe ƙarau, tawadar kan daskare a ramukan sikirin cikin 'yan mintuna idan aka tsaya. Maganinsa shi ne a ɗiga mai jinkirta bushewa, a riƙa rufe zanen da tawada bayan kowane ja, kada a bar sikirin tsirara. Nau'in da ke cire launin yadi ya maye gurbinsa, wanda ake yi wa baƙaƙen riguna, galibi yana fitar da fomaldehaid lokacin gasawa, dole sai da iska mai fita.

DTF, wato buga zane a fallen roba a manna shi a riga da zafi, wanda ya cika gari a 'yan shekarun nan, ba ya cin ruwa, kuma ana iya buga riga ɗaya tak ba asarar shiri. Amma kowane zane na barin fallen roba da ba a sake amfani da shi, hodar gam ɗin kuma idan tana narkewa tana hayaƙin da bai kamata yaron shago ya wuni yana shaƙa ba. Sabilimeshan ya fi su tsabta a shago, takarda ce da zafin digiri 190 zuwa 200, sai dai foliyesta kawai yake kamawa, yadin da daga man fetur ake yin sa, yana kuma sakin ƙananan zaruruwan roba a duk wanki.

Kuskuren da ya fi kowanne jawo asara bai shafi nau'in tawada ba, gasawa ne. Filastisol na bukatar duk kaurinsa ya kai wajen digiri 160. Tawadar ruwa na bukatar digiri 150 zuwa 160 na minti biyu zuwa uku, domin sai ruwan ya fice kafin danƙon ya kama. Dutsen guga ko bindigar zafi na busar da sama ne, ƙasa na ɗanye. Rigar za ta bar shago fes, wanki biyu rubutun ya tsattsage ko ya ɓare. Gwaji biyu ne ke tona wannan kafin a buga ɗari biyar: a ja wurin zanen a ga ko zai tsage, sannan a wanke guda ɗaya sau uku da omo. Wutar lantarki mai ɗaukewa tana da hannu a nan, domin injin gasawa na cin wuta sosai, kuma mai janareta kullum gaggawa yake.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne maganin da ake shafa wa sikirin kafin a haska zane. Akwai mai haɗin daikuromet, ruwan lemo-lemo, wanda guba ne mai jawo ciwon daji. Mai haɗin dayazo yana yin aikin, kuma ya fi daɗewa a ajiye.

Lokacin zaɓe ne duk wannan ke ninkuwa: dubban riguna na foliyesta mafi arha, da tutocin roba na PVC, waɗanda amfaninsu bai wuce taro ɗaya ko biyu ba.

Tace ruwa a ƙaramin wuri

Mai duro biyu ba zai gina matatar masana'anta ba, amma ruwan galura da na wankin sikirin suna da sauƙin ragewa, domin launinsu ba narkakke ba ne da zarar iska ta shige shi.

A tara ruwan a duro, a bar shi ya huce, a riƙa motsa shi kwana ɗaya don ragowar haidiros ya mutu, launin ya koma gari. A gwada da takardar pH, a sauko da shi kusa da 7 da asid mai rauni irin asitik. Kada a yi amfani da ruwan tsohon batir, akwai dalma a ciki. Sai alif, wanda wasu ke kira alimun. Kafin a zuba a duro, a cika gora uku na lita ɗai-ɗai, a sa rubu'in giram a ta farko, rabi a ta biyu, giram ɗaya a ta uku, a ga wadda ta fi kwanciya. Idan ta rabin giram ce, duro mai lita 200 giram 100 yake buƙata. A motsa da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti goma sha biyar, a bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaye na sama ta cikin yashi da gawayi. Laka ta ƙasa a shanya ta, a zuba a buhu a kai juji. Ba taki ba ce, kada ta shiga gona.

Idan alif ya yi yawa ko kaifin ruwan bai sauka ba, ba abin da zai kwanta. Ruwan riyaktif kuma alif kaɗan yake yi masa, ya fi jin gishirin baƙin ƙarfe da farar ƙasa. Gishirin rini kuwa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cire shi, maganinsa kawai a rage zubawa tun farko.

Ƙyalle da gwanjo

A teburin yanka, kashi 10 zuwa 15 na yadi kan zama ƙyalle. Tsohon yankan babbar riga da na zane kusan ba sa barin komai, domin da murabba'ai ake haɗa su. Ɗinkin zamani mai lanƙwasa ne ke cika buhu. Ƙyallen da aka ware, auduga daban roba daban, yana da masu saye don cikon matashi da katifa.

Gwanjo kuwa, a takarda yana cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya, a kasuwa kuma kowa na gani. Sa tsohuwar riga ya fi yin sabuwa sauƙi ga muhalli. Amma a kasuwar Kantamanto ta Akara a Ghana, masu bincike sun ƙiyasta kusan kashi 40 na abin da ke cikin dila shara yake zama. Tun 1 ga Janairun 2025 aka wajabta wa ƙasashen Tarayyar Turai tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara, kuma abin da aka tara dole wani wuri zai nufa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu masana'antu da ƙananan 'yan kasuwa na cewa wanda ke fama da kuɗin dizal da atamfar fasa-ƙwauri ba shi da rarar gina matata ko biyan masu duba shaida da dala duk shekara. A ganinsu, a fara samar da wuta da kasuwa, tsabta ta biyo baya. Hujjarsu na da ƙarfi ta fuskar shaida: wanda kasuwarsa ba ta wuce Kaduna da Zariya ba, GOTS ba za ta ƙara masa ko kwabo ba.

Masu ɗaya ɓangaren na cewa an riga an gwada "tsabta daga baya" a Kakuri, kuma sa matata a masaƙar da ake ginawa ya fi arha kan ƙara ta bayan an gama. Suna ƙarawa da cewa manyan masu saye na waje yanzu jerin sinadaran da aka hana suke fara turowa kafin maganar farashi, tun bayan da manyan kamfanonin tufafi suka kafa ƙawancen ZDHC a 2011 don daina sakin sinadarai masu illa.

Akwai kuma masu ganin dokokin Turai shinge ne na kasuwanci da aka sa wa rigar muhalli, tunda su suka fi kowa saye da zubarwa. Wannan ƙorafi bai rasa tushe ba, amma bai shafi rijiyar da ke kusa da kwatar marini a Tudun Wada ba. Hanyar da ta fi kusa da haɗa ɓangarorin ita ce wadda garin Tiruffur na Indiya ya bi: matata ɗaya ga marina da yawa, kowa na biya gwargwadon ruwansa. Sharaɗinta shi ne marinan su kasance wuri ɗaya, kuma a samu wutar da za ta riƙe ta.

Abin da zai iso ga mutane

Mai saye zai ga ƙarin kuɗi kaɗan a aikin da aka gasa da kyau da tawada mai suna, kuma zai ga kalmar "mai kare muhalli" a kan kaya da yawa da ba su da wata shaida. Shaidar gaskiya tana da lamba da sunan cibiyar da ta bayar, ana iya duba ta a intanet. Sabuwar riga mai warin sinadari ko mai barin launi a hannu, a wanke ta kafin a sa, musamman ta yara.

Makarantu da ƙungiyoyin da ke ba da kwangila sun fi kowa iko a nan. Maimakon su rubuta kalma ɗaya mai faɗi, suna iya neman abu uku da mai shago zai gane: takardar bayanin tawadar da ke nuna ba fitalet, samfur ɗaya da aka wanke sau uku, da ganin inda ake wanke sikirin.

Yaran shago da marina su ne za su fara jin bambanci a jikinsu, ta safar hannu mai kauri da ta kai gwiwar hannu, da tabarau lokacin haɗa kostik, da taga ko fanka mai fitar da iska a kan injin gasawa. Masu rijiya a unguwannin da ake rini kuwa, idan ruwan ya fara santsi a hannu kamar an sa sabulu, alamar soda ce. Takardar pH da ake samu wurin masu kayan gwaje-gwaje za ta nuna hakan cikin daƙiƙa kaɗan, kuma da wannan sakamakon ake zuwa KEPA.